Ɗan Wabi da Masu Ɗigo: Hirar Ƙofar Gida a Ƙasar Yawuri

Mu mutanen ƙasar Yawuri ba a faɗa mana zuwan masu rigakafi sau biyu. Mai shela na gama zagayawa da la'asar, kafin a idar da isha'i magana ta ratsa Yelwa, ta kai Tondi da Zamare, da asuba ta hau kwalekwale ta haye tungayen masunta. A Wara da Birnin Yawuri haka abin yake, a Shanga ma haka. Hantsi na ɗagawa sai ga 'yan mata biyu cikin hijabi, ɗaya rataye da akwatin sanyi, ɗaya riƙe da alli da takarda, wakilin mai unguwa na biye da su. Su ɗiga wa yaro ɗigo biyu a baki, su shafa masa tawada a ɗan ƙaramin yatsan hagu, su yi rubutu a jikin ƙofa, su ƙara gaba. Suna ba da baya, mu kuma sai mu buɗe majalisa.

A majalisar kowa da irin tasa. Mai shayi zai ce, "Wai su waɗannan ba sa gajiya ne? Watan jiya sun zo, yau ga su kuma." Mai gyaran taru ya amsa ba tare da ya ɗago kai ba, "Bar su su zo, Malam. Kai ba ka ga guragun da muka tashi tare da su ba?" A cikin gida kuwa akwai uwar da ta naɗe katin rigakafi a leda ta adana shi a ƙasan akwati tare da kayan sallah, ta san ranar komawa asibiti fiye da ranar kasuwa. Akwai wadda da ta ji sallamarsu za ta tura yaro bayan ɗaki ta ce ya tafi gona. Akwai kuma mai cewa, "Don Allah 'yan mata, ku shafa masa tawadar kawai, maigidan ya hana." Duk mu ne, kuma duk son ɗa ne ya sa kowa yake yin abin da yake yi.

Tsoron nan yana da tushe, ba mu tsince shi a ƙasa ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, wasu suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Wancan magani ne, ba allurar rigakafi ba, amma tabon ya zauna a zukata. A 2003 aka dakatar da ɗigon foliyo a wasu jihohin Arewa, Kano ba ta koma ba sai a 2004, kuma a tsakanin nan cutar shan inna ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai da sarakuna suka shigo da ƙarfinsu a 2009 ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka riƙa bi gida-gida, sannan aka ga haske. Yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar shan inna ta nakasa a Najeriya an same shi a Borno a 2016, ranar 25 ga Agusta 2020 kuma aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ita.

Tsohon ƙorafinmu kuwa shi ne, "Zazzaɓi ke kashe mana yara, a kawo mana maganinsa mana." Muna da gaskiya, domin binciken ƙasa na 2021 ya nuna yara 49 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Jihar Kebbi suna ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jininsu, babu jihar da ta kai mu. Mu da ke kwana a bakin Kainji mun fi kowa sanin sauro. To, a watan Disamba 2024 aka fara allurar rigakafin zazzaɓin a jihohi biyu, Kebbi da Bayelsa, ana yi wa yaro a wata 5 da 6 da 7, a cike ta huɗu a wata 15. Tun daga nan masu wancan ƙorafi suka rage murya.

Amma akwai tambayar da ba a yi a majalisar maza. A tsakar gida ake yin ta, ranar suna ko ranar wankan arba'in, idan tsofaffi sun keɓe. Wata tsohuwar ungozoma ce za ta jawo ma'aikaciyar asibiti gefe ta ce, "'Yar nan, ni na yarda da allurarku, jikokina duk an yi musu. Amma gaya mini tsakaninki da Allah, kowane yaro ne jikinsa ke ɗauka? Na san gidan da aka haifi maza uku, kowanne ɓul-ɓul ranar suna, babu wanda ya kai yaye. Na ƙarshen, wurin allurar kafaɗarsa bai taɓa warkewa ba." Ita kuma ta ce, "Goggo, tambayarki tana kan hanya. Kusan duk yaran da kika karɓi haihuwarsu, allura alheri ce gare su. Amma akwai ɗaya cikin dubbai da ake haifa ba shi da cikakkiyar garkuwar jiki, shi kam akwai alluran da ba a yi masa."

Wannan amsar ita ce gaskiyar magana, kuma ya kamata ta fito daga tsakar gida ta zo majalisa. Allah ya halicci jikin ɗan Adam da sojojin da ke yaƙar cuta, fararen ƙwayoyin jini da ake ƙerawa a ɓargo, da sinadaran da suke fitarwa su kama ƙwayar cuta. Wani yaron yakan zo duniya da naƙasu a wannan tsari tun daga halittarsa. Likitoci sun gano irin wannan lalura kala fiye da 400. Wata mai sauƙi ce, mutum ya tsufa bai ma san yana da ita ba. Wata kuwa mai tsanani ce, wadda a asibiti ake kira SCID, inda jariri ba shi da sojojin kusan gaba ɗaya, kuma in ba a yi masa magani ba da wuya ya cika shekara biyu. A Amurka, inda ake gwada kowane jariri, ana samun mai tsananin nan kamar ɗaya cikin haihuwa dubu hamsin da 'yan kai. Ba ƙanjamau ba ce, ba a ɗaukarta a nono ko a kwano ko a shimfiɗa. Gado ce.

Abin da ke ruɗa mu shi ne yaron yakan fito lafiya lau. Yana cikin ciki uwa ta ba shi kariya daga jininta, wadda ke riƙe shi na 'yan watanni. Ranar suna kowa na yaba ƙibarsa. Sai a wata na biyu ko na uku, wani ma sai bayan wata shida, ciwo ya fara bin ciwo. Nan take sai mu ce kambun baka ne, ko an yi masa baki ranar suna, ko iskar ruwa ta taɓa shi da aka haye da shi gungu da almuru. A nemo rubutu, a nemo turare, a ɗaura laya a wuya, a sayo maganin ruwa a kemis kwalba bayan kwalba. Kafin a tuna da babban asibiti, ƙarfin yaro ya ƙare.

To ina ruwan allura da wannan? Alluran da ke katin yaranmu iri biyu ne. Akwai waɗanda babu ƙwayar cuta mai rai a cikinsu, sai matacciya ko wani ɗan ɓangare nata. A nan ne allurar ciwon hanta take, da Penta da ake yi a cinya a mako 6 da 10 da 14, da ta limoniya, da allurar foliyo ta tsira wadda aka shigo da ita a 2015, da ta sanƙarau, da sabuwar nan ta zazzaɓin cizon sauro. Waɗannan ba za su iya sa wa yaro cutar da ake yi dominta ba, komai raunin garkuwarsa. Iyaka dai wani yaron jikinsa ba zai iya gina kariya sosai daga gare su ba. Akwai kuma waɗanda ƙwayar cikinsu tana da rai amma an karya mata ƙarfi: BCG ta tarin fuka da ake yi a kafaɗar hagu bayan haihuwa, ɗigon foliyo na baki, ɗigon gudawa da aka fara a 2022, allurar ƙyanda da ta shawara a wata 9.

Mu 'yan bakin ruwa mun san yadda ake koya wa yaro iyo. Ba a jefa shi tsakiyar Kainji, a gaɓa ake farawa inda ruwa bai wuce gwiwa ba, ya yi ta fantsama har hannu da ƙafa su saba, ranar da ya faɗa mai zurfi ya fid da kansa. Allura mai rai ita ce ruwan gaɓar nan. Amma yaron da ba ya iya ɗaga kansa, ko ruwan gaɓa ya ishe shi halaka. Haka jaririn da ba shi da sojojin jiki yake: raunanniyar ƙwayar da sauran yara ke murƙushewa cikin kwanaki, shi a jikinsa sai ta samu wurin zama ta yaɗu.

An ƙirga wannan a fili. A 2014 likitoci suka haɗa bayanan jarirai 349 masu lalurar nan mai tsanani daga ƙasashe 17, waɗanda aka yi wa BCG kafin a gane halin da suke ciki. Kusan rabinsu sun samu matsala daga allurar, kuma kamar ɗaya cikin uku ƙwayar ta bazu a jikinsa. A cikin sauran yara kuwa, irin wannan bazuwa ba ta wuce 'yan ƙalilan cikin miliyan. Ɗigon foliyo ma haka. Lafiyayyen yaro yakan fitar da ƙwayar a bayan gida na 'yan makonni ta ƙare. Mai raunin garkuwa tana iya zama a hanjinsa ta daɗe, wani lokaci ta shanye masa ƙafa. A Ingila an ba da labarin wani mutum a 2015 wanda aka tabbatar ya shekara 28 yana fitar da ita.

Yanzu wani a majalisa zai yi caraf ya ce, "Kun ji ko? Ai mun faɗa!" A'a, Kawu, dakata. Ba abin da ka faɗa ke nan ba. Kai cewa ka yi a hana kowa. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a duniya, kuma BCG ce ke tare wa jarirai mafi munin nau'insa, wanda ke hawa ƙwaƙwalwa. Ƙyanda kuwa ba sai an ba mu labarinta ba, iyayenmu sun ga shekarun da take shiga unguwa da bazara ta bar gidaje da makoki, ta bar wasu yaran da makanta. Idan aka hana yara dubu hamsin allura saboda ɗaya, an jefa dubu hamsin ɗin cikin haɗari, shi ma ɗayan ba a cece shi ba, domin ainihin ƙyandar ce za ta fara isa gare shi. Aikin da ke gabanmu shi ne mu gane wannan ɗayan da wuri, kuma a nan ne muke da abin da babu wata na'ura da ta fi mu shi, wato sanin tarihin gidajenmu.

Sai dai mu mutane ne masu kawaici a kan 'ya'yan da suka rasu. Ba ma ƙirga su. "Sun koma," in ji mu, a rufe zance. Mace ta je awo a tambaye ta haihuwa nawa, ta faɗa a takaice tana sunkuyar da kai. Ba za ta ce biyun da suka koma duk maza ne ba, ba za ta ce duk ba su kai shekara ba, ba za ta ce da gudawa da tari da farin baki suka tafi ba. Balle ta tuna cewa mahaifiyarta ma ta binne maza a jere kafin ta same ta. Idan abin ya yi yawa sai mu ce wabi take yi. Wanda ya zo daga baya a sa masa Ajuji ko Ayashe, a yi kamar ba a damu da shi ba ko Allah zai bar shi, a kira wanzami ya yi masa tsaga ta daban. Ga tausayi a cikin al'adar nan, amma in yaron mai raunin garkuwa ne, kowace tsaga ƙofa ce aka buɗe wa cuta.

Ba kowane wabi ne wannan lalura ba, kada a fahimce ni a karkace. Mafi yawan yaran da muke rasawa zazzaɓi ne da gudawa da limoniya da tamowa da sikila ke ɗauke su. Amma a cikin gidajen da mutuwar jarirai ke maimaituwa iri ɗaya, akwai waɗanda amsarsu tana nan, kuma ba za a gano ba sai an yi magana.

Gadon yana bin hanya biyu. Wani nau'in ta wajen uwa yake bi, ita lafiyarta ƙalau, 'ya'yanta mata ma haka, amma kowane namiji da za ta haifa yana tsakanin samu da tsira, rabi da rabi. Shi ya sa likita zai tambayi mace ko 'yan'uwanta maza ko kawunnanta sun rasu suna jarirai. Wani nau'in kuma sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi a ɓoye, kamar yadda muka riga muka sani a sikila, sannan kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu. Wannan ya fi fitowa inda ake auren zumunci, domin ɗan wa da 'yar ƙani daga kaka ɗaya suka ɗebo jini. Mu kuwa, Yawurawa da Gungawa da Kambari da Shangawa da Sarkawa da Fulanin da ke tsakaninmu, akwai gidaje da yawa da tuwona maina ya zama musu al'ada, ga shi tun da ruwan madatsar Kainji ya tashi garuruwa a 1968 dangi suka sake tarewa wuri ɗaya a sababbin matsugunai. Ba cewa ake a bar zumunci ba. Cewa ake, gidan da aka ga jarirai suna tafiya a jere, a nemi shawarar likita kafin a sake ƙulla wani auren a cikin jini ɗaya. Kuma a daina ɗora wa mace laifi, a daina sakinta ko yi mata gori. Ba ita ta zaɓa ba, sau da yawa ma rabin gadon daga wajen mijin yake.

Labarin wani yaro a Amurka ya nuna amfanin faɗa. David Vetter an haife shi a Houston a 1971. Wansa ya rasu yana ɗan wata bakwai da wannan lalura, saboda haka likitoci suka shirya tun yana ciki, yana faɗowa aka sa shi cikin wani tanti na roba da ba ƙwayar cutar da ke shiga. A ciki ya rayu shekara 12, ya rasu a 1984 bayan an yi masa dashen ɓargo. Rayuwa ce mai wuya, amma abin da aka koya daga gare shi ya taimaki dubbai. A yau in aka yi wa irin wannan jariri dashen ɓargo kafin ya cika wata uku da rabi, fiye da 90 cikin 100 suna rayuwa. Jihar Wiskonsin ta fara gwada jinin kowane jariri a 2008, zuwa ƙarshen 2018 duk jihohin Amurka sun bi sahu. Ingila kuma a 2021 ta matsar da BCG zuwa kwana 28 bayan haihuwa don a jira sakamakon gwajin. Mu ba a yi wa jariranmu wannan gwaji, kuma tarin fuka ya yi mana yawan da ba za mu jinkirta wa kowa BCG ba. Abin da ya tsaya mana a madadinsa shi ne bakin kaka da na ungozoma.

Saboda haka ga abin da ya kamata mu riƙa lura da shi. Jaririn da cibiyarsa ta wuce wata guda ba ta faɗi ba, gefenta ya yi ja. Farin ƙurajen da suka lulluɓe harshe da dasashi, a yi magani su dawo. Gudawar da ta ƙi tsayawa mako bayan mako, yaro yana shan nono amma yana ramewa. Limoniya sau biyu a shekara guda. Kunne yana zubar da mugunya sau huɗu ko fiye a shekara. Maruru masu zurfi suna fitowa a kai a kai. Ciwon da ba ya jin maganin sha sai an kwantar an yi ta allura ta jijiya. Kowane ɗaya shi kaɗai yana iya zama wani abu daban, amma in biyu ko uku suka haɗu, musamman a gidan da aka taɓa rasa jariri da irin wannan, a bar zaryar kemis.

Wurin BCG kuma a san yadda lafiyayyensa yake, don kada a tsorata a banza. Bayan mako biyu zuwa huɗu yakan yi ɗan ƙurji, ya fashe, ya yi ɗan ruwa, ya bushe cikin 'yan watanni ya bar tabon da kusan dukanmu muke da shi a kafaɗa. Wannan alama ce ta cewa allura ta kama, ba a matsa shi, ba a shafa masa toka ko man zafi. Wanda ake gudu shi ne mikin da ke faɗaɗa ya ƙi rufewa, ko kaluluwar hammata ta kumbura ƙwarai har ta fashe, ko ƙulluttai su fito a wasu sassan jiki tare da zazzaɓi da rama. Shi wannan a ɗauki yaro da katinsa a tafi Babban Asibitin Yawuri, in sun ga da buƙata su tura Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Gwajin farko ba wani abin tsoro ba ne, ƙirgen ƙwayoyin jini ne da ake yi kullum, kuma daga shi likita kan ga in wani rukuni na fararen ƙwayoyin ya yi ƙasa ƙwarai.

Akwai kuma dalilan da muke kafawa da su mu hana allura alhali ba sa cikin wannan magana. "Yana mura." "Yana haƙori." "Ya rame, bari ya yi ƙwari tukuna." "Ai mai sikila ne." Ƙaramar mura ko ɗan zawo ba sa hana rigakafi. Yaro mai tamowa shi ya fi kowa buƙatar allurar ƙyanda, domin shi take fara kayarwa. Mai sikila kuwa ana so a cika masa kowace allura a kan lokaci, saboda limoniya da sanƙarau sun fi yi masa illa. Hatta a cikin masu raunin garkuwa na gado, ba duka ake hana wa abu ɗaya ba. Wani BCG kaɗai ake kauce masa, a yi masa ta ƙyanda. Wani babu wadda ake hana shi, ana ma ƙara masa ta sanƙarau. Wani kuma kowane mako uku ko huɗu ake ƙara masa sinadarin kariya da aka tace daga jinin masu ba da gudummawa, ya yi makaranta, ya yi aure. Wannan rabe-raben aikin likita ne bayan gwaji. Ba aikin majalisa ba ne, ba na mai kemis ba, ba kuma na saƙon muryar da ake turawa a WhatsApp ba.

In likita ya tabbatar, sai a nemi ya rubuta takarda a haɗa da katin yaro. Ranar da masu ɗigo suka yi sallama, ba sai an ɓoye kowa a bayan ɗaki ba, a fito da takarda a nuna musu da mutunci, su sanar da shugabansu. Yayyensa da ƙannensa da ke ɗaki ɗaya da shi, likita zai fi so a yi musu allurar foliyo ta tsira maimakon ɗigon baki, saboda ƙwayar da ke fita a bayan gida. In an riga an ɗiga musu, a kula da wanke hannu da sabulu bayan tsarki da wankin ƙyallaye, a raba musu shimfiɗa na mako huɗu zuwa shida. Sauran alluran kuwa, ta ƙyanda da ta shawara da duk abin da ke kati, a yi wa sauran yaran gidan ba tare da jinkiri ba.

Nan ne maganar ta dawo kan maƙwabta, wato mu. Yaron da ba za a iya yi wa allurar ƙyanda ba, ba shi da abin da zai tare masa ita sai yaran da ke kewaye da shi. Ƙyanda tana da saurin yaɗuwa ƙwarai, sai kusan yara 95 cikin 100 sun samu allura sau biyu kafin ta rasa hanyar ratsa unguwa. Duk wanda ya tura ɗansa lafiyayye bayan ɗaki, ko ya roƙi a shafa tawada a wuce, ya rage wannan adadi, kuma wanda zai fara biyan kuɗin shi ne jaririn maƙwabcinsa da ba shi da yadda zai yi. Muna zuwa barka, muna zuwa suna, muna ɗaukar jaririn juna muna sumbata, yaranmu suna cin tuwo a kwano ɗaya suna wanka a mashaya ɗaya. Haƙƙin maƙwabtaka da malamanmu ke karantarwa ya kai har nan.

Sarkinmu na Yawuri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, masanin kimiyya ne da ya shugabanci jami'a kafin ya hau gadon sarauta, kuma ƙasar nan ba baƙuwar ilimi ba ce. Abin da ya rage ƙarami ne, a hannunmu yake. Ungozomar da ta karɓi haihuwa a tunga ta tambayi tarihin ɗakin kafin ta wanke hannu. Wanzamin da ya ga miki ya ƙi warkewa ya ce a tafi asibiti. Ma'aikaciyar awo ta ƙara tambaya ɗaya a kan wadda ta saba: waɗanda suka koma, watansu nawa, me ya same su, maza ne ko mata? Uwar miji ta raka surukarta ta faɗi abin da ita yarinyar ke jin nauyin faɗa, tun ciki yana wata shida ko bakwai, don a san abin yi kafin ranar haihuwa. Maigida kuma ya biya kuɗin jirgi da na mota ba tare da ya ce ai ƙaddara ce ba, domin neman magani ma cikin ƙaddarar yake. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu kai lafiyayyun 'ya'yanmu a cika musu kati, mu kuma buɗe baki a kan wanda muke jin tsoro a kansa. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.